Masarautar Kano: Hurumin da aka warware tun 1989

Duk lokacin da aka tayar da zancen sarakuna biyu a birnin Kano, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a gidan Nassarawa, amsar da manya ke bayarwa ɗaya ce: magana tana kotu, a bar shari'a ta yi aikinta. Wannan amsa ta fara gundurata, domin kotunan da ake cewa a jira su ne suka dagula al'amarin tun farko.

Majalisar dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019 a ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu, ya mayar da Muhammadu Sanusi II kan gadon sarauta. Kafin mako ya zagayo, Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin dakatar da aiwatar da sabuwar dokar, Babbar Kotun Jiha ta hana Aminu Ado Bayero, sarkin da aka sauke, kiran kansa sarki, wani alƙalin tarayya kuma ya ce a fitar da Sanusi daga fada. Sai da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu Abuja. Ɗan sandan da ke tsaye a Ƙofar Kudu, wace takarda zai bi? Ya bi wadda ta yi daidai da umarnin da ya zo masa daga sama, kuma ba a ga laifinsa ba.

Abin takaicin shi ne tambayar hurumi ba sabuwa ba ce. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa abubuwan da Babbar Kotun Tarayya ke da ikon saurara, irin su harajin tarayya, kwastan, bankuna da hukumomin gwamnatin tarayya, kuma sarauta ba ta cikinsu. Tun kafin wannan kundi ma, lokacin da gwamnan soja na tsohuwar jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a 1986, sarkin ya kai ƙara kotun tarayya da sunan an tauye masa haƙƙinsa na ɗan Adam. Kotun Ƙoli ta yanke a 1989 cewa lulluɓe rikicin sarauta da rigar haƙƙin ɗan Adam ba ya ba kotun tarayya hurumi. Ɗalibin lauya ma ya san wannan shari'a. Da irin wannan rigar aka sake shiga kotu a Kano bayan shekara 35, aka kuma karɓa.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi abin da kowa ya sani a Janairun 2025, cewa kotun tarayya ba ta da hurumi, sannan a watan Maris ta jingine aiwatar da hukuncin nata har sai Kotun Ƙoli ta yi magana. A tsawon wannan rikici an hana hawan Babbar Sallah ta 2024 da na Ƙaramar Sallah ta 2025, masu ɗinkin kayan doki da masu sayar da rawani suka yi asarar kakarsu.

Masu cewa alƙalai na bin abin da lauyoyi suka gabatar musu ne kawai sun manta cewa duba hurumi shi ne aikin alƙali na farko, ko da babu wanda ya tayar da shi. Gaskiyar magana ita ce ɓangaren da ke da jiha ya san inda zai nufa, wanda ke jingine da Abuja shi ma ya san tasa ƙofar, kowa ya fito da takardarsa a hannu. NNPP da APC duk sun ci moriyar wannan hanya, ba na wanke ko ɗaya.

Majalisar Ƙoli ta Shari'a, NJC, tana da ikon hukunta alƙalin da ya karɓi ƙarar da ba huruminsa ba, kuma ya kamata hukuncin ya wuce takardar gargaɗi. Ita kuwa Kotun Ƙoli, wadda tsarin mulki ya tilasta mata kammala ƙarar zaɓen gwamna cikin kwana 60, ba ta da hujjar barin shari'ar masarauta mai tarihin ɗaruruwan shekaru ta yi ta jiran layi.