Laisosom Ba Ya Ƙarewa da Tsufa, Tsaminsa Ne Ke Raguwa

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa shara tana taruwa a ƙwayoyin halittar tsoho ne domin laisosom ɗinsu, wato 'yan jakunkunan da ke narkar da sharar, sun ƙare. Ba haka ba ne. A ƙwayar da ta tsufa ta daina rabuwa, laisosom kan ƙaru ne, har su kumbura. Aikinsu ne ke ja da baya.

Laisosom 'yar jaka ce a cikin ƙwayar halitta, wadda Christian de Duve na Beljiyam ya gano a 1955. A cikinta akwai sinadarai masu narkarwa kusan iri 60, masu farfasa lalatattun furotin da kitse domin a sake amfani da su. Sai dai ba sa aiki sosai in babu tsami, awon pH na 4.5 zuwa 5, kuma wani famfo a jikin jakar mai suna V-ATPase shi ke riƙe da wannan tsamin. Da tsufa ya zo, tsamin kan ragu. Kamar karofi ne da babansa ya salance: ramuka na nan birjik, amma zane ba ya kamawa.

Abin da ya fi damuna shi ne lifofusin, wani tarkace mai launin ƙasa-ƙasa da ba ya narkewa. Yana cunkushe jakar, musamman a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da tsokar zuciya, waɗanda galibinsu ba sa sabuntawa. Da jakar ta cunkushe, sai lalatattun mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwaya kuzari, su jibge ba a narkar da su ba, su ƙara fitar da gurɓatattun sinadarai, lifofusin ya ƙara yawa.