Mace ɗaya cikin hamsin: abin da na gani a Kuwait, abin da na baro a gida

Shekara ta tara ke nan a Kuwait ina aikin jinya. Ba ni da ƙuri'a a nan, haka ma sauran baƙi, duk da cewa mun fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Amma ko ba ka da ƙuri'a ba za ka rasa sanin zaɓe ya zo ba. 'Yan takara kan kafa manyan tantuna a bakin titi, a sa fitilu, a yi ta rabon shayi da gahawa da shinkafa da nama har tsakar dare. Na ga zaɓen Disambar 2020, na ga na 2022, na 2023 da na Afrilun 2024. Duk ranar da aka fitar da sakamako abu guda nake fara dubawa, wato mata nawa suka shiga Majalisar Umma mai kujeru 50.

A 2020 babu ko ɗaya. A 2022 biyu, Alia al-Khaled da Jenan Boushehri. A 2023 da 2024 Jenan kaɗai ta rage a tsakanin maza 49. Kuma fa a rajistar masu zaɓe mata sun ɗara maza yawa.

Wannan ya dame ni har na tambayi wata abokiyar aikina 'yar ƙasa, mace mai ilimi wadda ba ta shakkar faɗin ra'ayinta. Na ce mata, 'yar'uwa, ke wa kika zaɓa? Ta ce ɗan baffanta. Ta ce ta san akwai macen da ta fi shi cancanta a mazaɓarsu, amma dangi sun riga sun zauna sun tsayar da shi, ita ba za ta zama sanadin faɗuwar gidansu ba. Ban ga laifinta ba, domin na san irin wannan maganar tun ina yarinya.

Matan Kuwait ba a faranti aka miƙa musu 'yancin zaɓe ba. A 1999 Sarki Jabir al-Ahmad ya ba da doka cewa su yi zaɓe, majalisar da maza suka cika ta yi fatali da ita. Sai ranar 16 ga Mayun 2005 aka amince, da ƙuri'a 35 a kan 23. Suka tsaya takara a 2006 da 2008, babu wadda ta kai labari. A Mayun 2009 aka yi abin da har yau ake tunawa: mata huɗu suka ci a lokaci guda, Massouma al-Mubarak, wadda dama ita ce mace ta farko da ta zama minista, da Aseel al-Awadhi, da Rola Dashti, da Salwa al-Jassar. Dukkansu masu digirin digirgir ne. Mutane suka ɗauka ƙofa ta buɗe ke nan. Ashe huɗun nan ita ce ƙololuwa, ba a sake kai ta ba.

To, me ya hana? A fahimtata an gama zaɓen tun kafin ranar zaɓe. Kuwait ba ta da jam'iyyun siyasa a hukumance. Abin da take da shi shi ne diwaniyya, wani zaure da kusan kowane babban gida yake da shi, inda maza ke haɗuwa da dare su sha shayi su tattauna. A nan ake auna ɗan takara, a nan ake ƙulla alkawari, a nan ake cewa wane ya janye wa wane. Sannan manyan ƙabilu suna yin nasu zaɓen fidda gwani a ɓoye, duk da doka ta haramta shi, kuma da wuya ka ji sun fitar da mace. Tun da aka mayar da tsarin zuwa mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya a 2012, maimakon huɗu da ake da su a da, abin ya ƙara tsanani. Da can mace na iya ba ɗan dangi ɗaya, ta ba malamin unguwa ɗaya, ta ajiye ɗaya ga 'yar'uwarta mace. Daga 2012 ta zama guda tak, kuma dangi sun riga sun yi mata kamu.

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san labarin. Mu ma a Najeriya zaure ne, da majalisar ƙofar gida, da taron dare a gidan uban jam'iyya wanda ba a farawa sai ƙarfe goma sha biyu ta gota. Wace matar aure ce za ta je can ta dawo da asuba ba a yi da ita ba? Ga kuɗin fom, ga na daliget. Idan ta jure duk wannan, sai a tuna cewa ai ba 'yar asalin jihar mijinta ba ce, a jihar iyayenta kuma a ce ta yi aure ta tafi.

Amma ranar zaɓe su wa ke cika layi? Innata tun bayan sallar asuba take fita da kujerarta 'yar tsugunno da ruwa a gora, ba ta dawowa sai ta dangwala. Matan Arewa ba su shiga babban zaɓe na ƙasa ba sai 1979, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana tun zamanin NEPU. Mun riga Kuwait da shekara 26. Yau a Majalisar Dattawa mata huɗu ne cikin 109, a ta Wakilai ba su kai 20 ba cikin 360, kuma akwai majalisun jihohi da dama a Arewa da babu mace ko ta rantsuwa. A waɗannan ɗakunan ake yanke kasafin asibitin haihuwa da na makarantar 'yan mata. Ni da na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin in fito, na ga abin da rashin jini da rashin motar ɗaukar mara lafiya ke yi wa mace. Ba na jin wannan magana a matsayin kwalliya.

Shi ya sa nake goyon bayan a ware wa mata kujeru, duk da na san masu cewa hakan raini ne ga mace. A da ni ma ina da wannan tunanin. Kuwait ce ta sauya ni. Ga ƙasa mai arzikin mai, mata sun fi maza yawa a jami'a, suna riƙe da manyan muƙamai a banki da asibiti, amma shekara kusan ashirin da aka yi ana zaɓe ba a taɓa wuce mata huɗu ba, wani lokaci ɗaya ko babu. Idan ilimi da kuɗi kaɗai ke buɗe wannan ƙofa, da tuni ta buɗe a nan.

Ba irin ta Saudiyya nake nufi ba, inda Sarki Abdullah ya naɗa mata 30 a Majalisar Shura a 2013. Wanda aka naɗa, ga mai naɗi yake kallo. Misalin da ya fi kusa da mu yana maƙwabta. Nijar ta kafa dokar kaso tun 2000, ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, ta ɗaga zuwa 15, sannan 25 a 2019, kuma majalisar da aka zaɓa a 2020 kusan kashi ɗaya cikin huɗu mata ne. Maraɗi da Damagaram ba su fi Katsina da Kano sassaucin al'ada ba. Addini ɗaya, harshe ɗaya, aure ɗaya. Doka ce kawai ta tilasta wa jam'iyyu su nemo mata, suka kuwa samo su.

A Maris ɗin 2022 majalisarmu ta yi watsi da ƙudirin kujerun mata, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta a Abuja. Ina nan ina kallo a waya, raina a ɓace. A nan kuma, ranar 10 ga Mayun 2024, Sarki Mish'al al-Ahmad ya rushe majalisar ya dakatar da wasu sassan tsarin mulki na tsawon da bai wuce shekara huɗu ba, kujerar Jenan ɗin ma ta tafi tare da sauran. Washegari na haɗu da abokiyar aikina a wajen karɓar aiki. Ta ce da ta san za a daɗe ba a sake kafa tantunan nan ba, da ta ba macen nan ƙuri'arta.