Girgizar ƙasa daga Allah take, amma yasar da iyayenmu a Santambul aikin ejan ne

Wata shida ke nan ina zarya tsakanin gidanmu a Ƙofar Ƙaura da ofishin wani ejan mai shirya tafiye-tafiye a nan cikin Katsina, kuma duk zuwan da na yi maganarsa ɗaya ce: "Malam, a yi haƙuri, girgizar ƙasa daga Allah take." Na ji wannan magana har ta ishe ni. Wa ya ce masa ba daga Allah take ba? Ni ban je ofishinsa don ya biya ni kuɗin girgizar ƙasa ba. Na je ne a kan kuɗin da ya karɓa ya ƙi yin aikinsu, har tsoho mai shekara saba'in da matarsa suka tsinci kansu a bakin teku a wata uwa duniya, babu magani, babu waya, babu wanda suka sani.

Babanmu shekara 35 ya yi yana koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na jihar nan. Ya zana teku a allo da alli ya fi a ƙirga, ya koya wa yara sunan kowane mashigi da kowane tsibiri, amma babban ruwan da ya saba gani shi ne dam ɗin Zobe da na Jibiya. Shi ya sa mu 'ya'yansa shida muka yi shekara biyu muna tari don mu sa shi da Hajiya a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido, masu ɗakunan kwana da wuraren cin abinci kamar unguwa guda a kan ruwa. Ba masu kuɗi ba ne mu. Ƙanwata adashinta ta kwashe gaba ɗaya, ni kuma na sayar da babur ɗina na biyu. Tafiyar ta mako guda ce, daga Atina babban birnin Girka, a biya Santambul da Kusadasi a Turkiyya, sannan tsibiran Girka.

A watan Fabrairun 2025 muka kai kuɗi. A daidai lokacin ne tsibirin Santorini, wanda yake cikin jerin wuraren da za a je, yake ta girgiza ba dare ba rana. An yi dubban ƙananan girgiza cikin 'yan makonni, mafi ƙarfinsu ta kai maki 5.3, gwamnatin Girka ta kafa dokar ta-ɓaci a tsibirin, mutane fiye da 10,000 suka fice, jiragen yawon buɗe ido suka karkata zuwa wasu tashoshin. Baba ya ji a rediyo. Da kansa ya bi ni ofishin, ya zauna ya tambayi mutumin nan cikin natsuwa: "Alhaji, yankin nan gaba ɗaya a kan tsagar ƙasa yake. In wani abu ya faru muna tudu, jirgi zai jira mu?" Ina zaune ya buga ƙirji ya ce, "Baba, kada ka damu da komai. Fita yawon gari ta hannun jirgin na yi muku, inshora kuma cikakkiya ce, ko allura ta ɓace za a biya." Ya rubuta rasit, dala 300 na yawon gari, da wani kuɗin daban na inshora da na layin waya mai intanet. Rasit ɗin yana gabana yanzu da nake wannan rubutu, da hatiminsa da sa hannunsa.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba, wanda shi ya sani sarai domin sana'arsa ce. Idan jirgi ya tsaya a gari, fita iri biyu ce. Akwai wadda kamfanin jirgin ya shirya da motocinsa da 'yan jagorarsa, wadda in ta yi latti jirgin yakan jira, in kuma ba zai iya ba shi ne zai ɗauki nauyin kai mutane tasha ta gaba. Akwai kuma wadda mutum ya shirya da kansa a waje, ita tafi araha, amma in lokacin komawa ya wuce sai a ɗage gada a kama hanya, kai ka san yadda za ka yi. Kuɗin ta farko ya karɓa a hannunmu. Ta biyu ya saya musu, ya soke ragowar a aljihu.

Ranar Laraba 23 ga Afrilu jirgin yana tashar Galataport a Santambul. Da safe wani mutum ya zo da ƙaramar mota ya ɗauki Baba da Hajiya su kaɗai, alhali sauran fasinjoji suna shiga manyan motoci masu lamba a gilashi. Hajiya ta ce tun a nan gabanta ya faɗi. Ya nuna musu masallaci ɗaya a gurguje, sai ya haye da su gada zuwa ɗaya ɓangaren birnin, wani shagon darduma da rigunan fata inda ake ba shi la'ada in baƙo ya yi sayayya. Suna ciki, an kawo musu shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, da ƙarfe 12:49 na rana ƙasa ta motsa. Girgiza ce mai ƙarfin maki 6.2, tushenta a ƙarƙashin tekun Marmara kusa da Silibri, ta yi kamar daƙiƙa 13. Hajiya ta ce fitilun da ke rataye a rufi suka riƙa kaɗawa, nannaɗaɗɗun dardumomi suka zubo daga jikin bango, shayin ya kife mata a hijabi. Tana salati, Baba ya ja hannunta suka tsuguna a gindin wani babban tebur har ta lafa, sannan suka fita.

A waje kowa gudu yake. Mutanen garin ba su manta da girgizar Izmit ta 1999 ba, wadda ta kashe sama da mutum 17,000 a kusa da su, balle ta Fabrairun 2023 da ta ci rayuka fiye da 50,000 a kudancin ƙasar. A wannan ranar gine-gine ba su rufta da mutane ba, amma sama da mutum 150 sun ji rauni don tsoro ya sa sun yi tsalle daga benaye. Ranar hutu ce kuma, ranar bikin yara, 'ya'yan kowa suna gida ko suna waje. Ɗan jagoran ya gwada kiran iyalinsa layi ya ƙi shiga, sai ya ce da su Baba su tsaya nan yana zuwa. Bai dawo ba. Wallahi ban riƙe shi a zuciya ba, uba ne, ko ni ne wajen 'ya'yana zan nufa. Wanda na riƙe shi ne wanda ya damƙa tsofaffi biyu a hannun mutum ɗaya tilo, wanda babu kamfani a bayansa, babu wanda zai maye gurbinsa.

Awa uku suka yi a tsaye a bakin shagon, domin an ce su jira kuma ba su san inda suke ba. Layin wayar da muka biya kuɗinsa ba a taɓa ba su shi ba, an ce wai za su karɓa a cikin jirgi, a jirgi kuma babu wanda ya san zancen. Tituna sun cushe, kowa yana neman fita da iyalinsa zuwa fili, tasi kuwa ko mai ɗaya ba ta tsayawa. Da ƙyar wani bawan Allah ya fahimci Turancin Baba ya raka su tashar ƙananan jiragen fito suka haye. Kafin su isa Galataport magariba ta kawo jiki, jirgin ya tafi. Wani ma'aikacin tasha ya miƙo musu ambulan mai fasfo ɗinsu a ciki. Allurar ciwon suga ta Baba da maganin hawan jinin Hajiya suna can cikin ɗakinsu a jirgi, sun yi gaba.

Mu a nan fa? Turkiyya tana gabanmu da awa biyu, don haka wajen sha ɗaya saura na safe abin ya faru a agogonmu. Ina wurin aiki ƙanena ya turo mini labarin. Na kira ejan sau goma sha ɗaya, na ƙirga, yana nan a wayata. Sau biyu ta yi ƙara, daga nan aka kashe ta. Na hau babur cikin zafin Afrilun nan na Katsina na je ofishin, yaronsa ya ce Alhaji ya tafi ɗaurin aure Kano. Na ce a ba ni lambar kamfanin jirgin, ko ta mutumin da ya ɗauke su, ko lambar gaggawa ta inshora. Yaron ya buɗe durowa ya rufe, ya ce shi bai san inda ake ajiye su ba. Ƙannena mata suna gida suna kuka, maƙwabta sun cika zaure, kowa yana tambayata, ni kuma babu abin da zan ce. Sai bayan isha'i wata baƙuwar lamba ta shigo, muryar Baba a shaƙe: "Kai ne? Muna lafiya, amma jirgi ya bar mu."

Wani ɗan Kano ne mai harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, a unguwar Laleli ta Santambul Allah ya haɗa su da shi. Shi ya ba su wayarsa, ya kai Baba kantin magani, ya nema musu ɗaki a hawa na ƙasa domin Hajiya ta rantse ba za ta hau bene ba. A daren dubban mutanen garin a filaye da cikin motoci da harabar masallatai suka kwana. Washegari ya saya musu tikitin jirgin sama zuwa Izmir, ya haɗa su da motar da ta kai su Kusadasi suka tarar da jirginsu. Mu muka yi karo-karo a daren muka tura masa kuɗinsa. Ko sisin kwabo bai ɗora a kai ba, Allah ya saka masa da alheri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da suka koma jirgi sai suka tarar duk waɗanda suka fita da motocin kamfanin an dawo da su, har an ɗan jinkirta tashi saboda mota biyu da cunkoso ya riƙe. Waɗanda ba su fita ba kuma sun ce abin da suka ji bai wuce wani gunji da rawar jikin jirgin ba, kamar ya gogi wani abu a ƙasa. Baba ya zaunar da mu ya yi mana bayani kamar yana aji. Ya ce jirgi ba shi da tushe a ƙasa balle bango ya tsage ya danne mutum, girgizar tana ratsa ruwa ne ta bugi cikinsa kamar guduma ta wuce. Ko igiyar tsunami, wadda take gudun kusan kilomita 800 a awa a teku mai zurfi, a can tsayinta sau da yawa ba ya kai mita ɗaya, jirgi zai haye ta bai sani ba. Sai ta iso ruwa marar zurfi take rage gudu ta tashi tsaye ta yi ɓarna, shi ya sa da zarar an yi gargaɗi ake fitar da manyan jirage daga tasha zuwa tsakiyar teku. Wato fasinjan da ke cikin haɗari shi ne wanda yake tudu, kuma ainihin tambayar da Baba ya yi wa mutumin nan ke nan tun kafin a karɓi kuɗinmu.

Da na sami ejan ɗin bayan kwana huɗu, ko sannu da arziki bai fara yi mini ba. Na ce a kawo takardar inshora mu nemi kuɗin otal da tikiti. Sai ga shi takardar ba ta wuce wadda ofishin jakadanci yake nema kafin ya ba da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai ba, mai ɗaukar nauyin asibiti har yuro 30,000. Babu rasa jirgi a ciki, babu katsewar tafiya, babu komai na abin da ya lissafa wa Baba da bakinsa. A watan Agusta kuma ya samo sabuwar hujja. Ya juyo mini da wayarsa yana cewa, "Ka gani, Malam, har a Amurka an bar mutane." Yana nufin girgizar da aka yi a Kamcatka ta Rasha a ƙarshen Yulin 2025, mai maki 8.8, wadda ta sa aka yi gargaɗin tsunami a Hawai, wani babban jirgi ya bar tashar Hilo kafin lokaci ya bar ɗaruruwan fasinjoji a tudu. Na ce masa Alhaji, ka karanta labarin har ƙarshe. Can hukuma ce ta ba da umarnin jirage su fita don ceton rai, mutanen an kai su wata makaranta a kan tudu sun kwana, washegari jirgin ya dawo ya kwashe su. Su wa ya dawo ya kwashi iyayena? Kai da ka kashe waya?

Kuma ba na son a ƙara kawo mini zancen ƙaddara a wannan magana. Mu Musulmi ne, mun yarda da ita mai daɗi da marar daɗi, Baba ma bai taɓa cewa don me ƙasa ta girgiza ba. Amma yana yi mini zafi in ga mutum ya ci amana sannan ya lulluɓe ta da sunan Allah, ya mai da kai kamar mai raunin imani don ka nemi haƙƙinka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hajiya har yau in babbar mota ta wuce ta layinmu taga ta yi ƙara sai ta zabura ta dafa bango. Baba kuwa da muka so ya dawo yana ba jikokinsa labarin teku, in an tambaye shi sai ya ce "Alhamdulillahi" ya kau da kai, don yana jin kunyar wai ya jawo mana asara. Shi da aka cuta shi ne yake jin kunya.

Na bi ta hannun manya. Na tura wa ejan ɗin aminin mahaifinsa, na je da limamin unguwarmu, ya yi alkawarin ƙarshen wata sau uku. Abin da muke nema bai wuce dala 300 na yawon da bai saya ba, da kuɗin layin waya, da bambancin inshora, da abin da muka kashe a daren nan, sannan ya tako har gida ya durƙusa ya ba Baba da Hajiya haƙuri. Na haɗa rasit, da takardar inshorar, da hoton kiran nan goma sha ɗaya, da saƙon da kamfanin jirgin ya aiko mini cewa ba a taɓa yi wa iyayena rajistar fita ta hannunsu ba. Ranar Litinin zan kai kwafi ɗaya ga ƙungiyarsu ta masu shirya tafiye-tafiye, ɗaya ga hukumar kare haƙƙin masu saye, na ukun kuma yana hannun lauya. Jiya na wuce ta gaban ofishin na ga ya liƙa sabuwar sanarwa mai hoton jirgin ruwa, da wasu dattawa biyu a zaune a benci suna jiransa, ɗaya riƙe da fasfo a cikin leda. Na tsaya na kashe babur, na gaishe su, na zauna kusa da su na fito da rasit ɗin.