Ba wutar NEPA ake jona wa mutum a ka ba

Jiya a Agege wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa ƙaninsa magana yake ce min wai a Turai shokin ake ba mutum a ka sai baki ya buɗe nan take. Haba Baba, ba haka abin yake ba. Wutar 'yar mitsitsiya ce daga batir, miliamfiya (ƙaramin ma'aunin wutar lantarki) 1 zuwa 2, soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗora a fatar kai kamar minti 20, ɗan ƙaiƙayi kawai ake ji. Kuma ita kaɗai ba ta dawo da magana, haɗa ta ake da atisayen furta kalmomi wajen masu gyaran magana, har yanzu ma bincike ake a kanta.