In Ta Fashe Zan Biya

Mai Shayi: Alhaji, kafin in fasa ƙwan nan bari mu leƙa littafi. Naira 18,400 ne zuwa daren jiya.

Alhaji Bakano: Fasa ƙwai, yaro. Uku, ka cika albasa. In ta fashe zan biya ka har da tukuici.

Mai Shayi: Tun ina sayar da kofi naira 50 nake jin za ta fashe. Ƙwai ne kawai ke fashewa a teburin nan, shi ma nawa ne.

Alhajin nan dai ko filin jirgin Malam Aminu Kano bai taɓa shiga ba. Shi ya ce a fara kiransa Alhaji tun yanzu don baki ya saba, kada ranar da Pi, kuɗin intanet ɗin nan da ake tarawa a waya, ta fashe ta yi tsada mutane su riƙa inda-inda.

Alhaji: Ka ga matsalar talaka ke nan, gajen haƙuri. Tun 2019 nake mainin, wato haƙar Pi a waya. Kullum sai na danna, ko ranar da aka kwantar da ni a asibiti da ƙarin ruwa a hannu, da ɗaya hannun na danna. Pi dubu biyu gare ni. Ka san nawa ne guda ɗaya? Dala 314,159.

Bazazzagi: Wa ya faɗa maka?

Alhaji: Zage-zagi sun iso. Kai da wa ake magana?

Bazazzagi: Da mai bashin shayi. Alhaji, lambar nan da kake ta rerawa kamar karatun allo, ita ce 3.14159 da aka koya mana a aji ɗaya na sakandare, wadda ake auna da'ira da ita. Wani ne ya zare ɗigon ya manna mata alamar dala, ku kuma kuka hau kabbara. Su kansu masu Pi ɗin ba su taɓa cewa farashinta ke nan ba.

Alhaji: To ai ka gani! Tun kana aji ɗaya Turawa ke sanar da ku farashin a ɓoye, ba ku gane ba. Boko ba wayo ba ne.

Bazazzagi: An buɗe kasuwarta ranar 20 ga Fabrairun 2025. Ta taɓa wajen dala 3, ta juyo ƙasa, ta faɗo ƙasa da dala ɗaya. Ba ta fashe ba ke nan?

Alhaji: Wannan tsagewa ce. Fashewa daban.

Bazazzagi: Tsaya in yi maka lissafin Kantin Kwari, tunda shi kake ganewa. Pi biliyan 100 za a yi gaba ɗaya. In kowace ta kai kuɗin da kake faɗa, sai jimillar kuɗinsu ta ninka abin da duk duniya ke samarwa a shekara wajen sau 300. Wa zai saya? Da kuɗin wa?

Alhaji: 'Yan China.

Bazazzagi: Su ma suna cikin duniyar.

Alhaji: Ba ka san China ba.

Ya kurɓi shayi, ya zaro wayar da gilashinta ya yi tsagar gizo-gizo, an ɗaure ta da kyauro a jikin power bank. Kusurwa ɗaya ta fuskar wayar har ta yi fari saboda dangwale, kamar goshin tsohon da ya daɗe yana nafila.

Mai Shayi: Ni abin da ban gane ba, wannan haƙar da kuke yi, ina ramin? A garinmu mai haƙar zinariya yana dawowa da ƙasa har cikin kunne. Alhaji kuwa yana haƙa yana cin biredina.

Bazazzagi: Yauwa, ka yi tambayar masu hankali. Haƙa ta gaskiya, irin ta Bitcoin, injina ne jibga-jibga a cikin sito, suna ƙara kamar injin niƙa, suna ta cankar lissafi dare da rana. Kusan duk minti goma inji ɗaya ke dacewa, a ba shi lada. Tun Afrilun 2024 ladan ya koma Bitcoin 3.125, kuma duk shekara huɗu ake raba shi biyu. Wutar da suke sha a shekara ta fi wadda Najeriya gaba ɗaya ke sha. Abin da Alhaji ke yi kuwa sa hannu ne a rajista, kamar ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ya danna, ya kalli talla, ya koma barci.

Alhaji: To ni ma zan sayi injin.

Bazazzagi: Ka jona a ina?

Nan teburin ya yi tsit, kowa ya ɗaga kai ya kalli ƙwan lantarkin da ke rataye a rumfa. Rabonsa da haske tun ranar Talata, amma takardar kuɗin wuta ta iso ranar Laraba, ba ta makara ko da minti ɗaya ba. Mu da muka yi kwana da kwanaki a duhu a Oktoban 2024, Arewa kusan gaba ɗaya, har cajin waya sai da layi da alfarma, wai mu ne za mu yi takara da masu madatsar ruwa.

Alhaji: Janareta.

Bazazzagi: Da man fetur na nawa?

Alhaji: In ta fashe zan sayi gidan mai.

Sai ga Ladan ya ratso da butarsa, ya yi sallama, ya zauna a gefen benci yana gyara rawani.

Mai Shayi: Allah gafarta Malam, raba mana gardama. Kuɗin nan na waya, ya halatta?

Ladan: To, malamai sun yi saɓani. Ni dai abin da ba na gani, ba na taɓawa, ina nesa da shi. Shubuha ce.

Alhaji: Malam, ji tsoron Allah. Wa ya yi wata uku yana dangwalar ɓeran Hamster, wasan wayar nan da aka ce zai biya kuɗi, a ƙarƙashin babbar riga? Jama'a na cewa Malam ya duƙufa da jan carbi, ashe a ciki ɓera yake yi wa susa.

Ladan: Bincike nake yi. Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Bazazzagi: Nawa binciken ya bayar ranar da aka biya 'yan Hamster, 26 ga Satumban 2024?

Ladan: Ya isa kuɗin data na sati ɗaya. Babban yatsana kuwa har yau in sanyi ya shigo sai na shafa man zafi.

Alhaji: Laifinku ne, kun makara. Waɗanda suka yi Notcoin, wasan dangwalen da ya riga shi, ai a gabanku aka biya su a watan Mayun shekarar. Yaron maƙwabcina har waya ya canja.

Bazazzagi: Gaskiya ne, an biya. Shi ne ma ya jefa gari cikin bala'i. Mutum ɗaya ya tsinci dami a kala, sai unguwa ta bar gona ta koma kala. Amma bar wannan, dangwale lokacinka da datarka kawai ya ci. Ina kuɗin filin Hajiya?

Alhaji: Wane fili?

Bazazzagi: Wanda aka sayar ka zuba kuɗinsa a CBEX, kamfanin ninka kuɗin nan na intanet.

Alhaji ya tura biredi a baki ya daɗe yana taunawa. Wanda ya san shi ya san in ya yi wannan taunar, ƙarya ce ke dahuwa.

Alhaji: Suna nan. Ina ganinsu a waya har ranar ƙarshe. Sun ninka ma.

Bazazzagi: An ce maka ka kawo ɗari, bayan kwana talatin ka karɓi ɗari biyu, wai na'ura mai basira ce ke yin cinikin. Kai da ka tashi a kasuwa, wace haja ce ke ninka uwar kuɗi duk wata? Da akwai ta, mai ita zai neme ka a Telegram? Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbin shiga suka ƙare sai a rufe ƙofa. Afrilun 2025 aka rufe, mutanen Ibadan har ofishinsu suka fasa suka kwashe kujeru, EFCC ta shiga maganar.

Alhaji: Gyaran na'ura suke yi. Sun ce a biya dala 100 ta tantancewa a cire kuɗi.

Mai Shayi: Ka biya?

Alhaji: Ta 200 na biya. Ta manya.

Ladan: Innalillahi.

Bazazzagi: Ɓarawo ya sace maka akuya, ya dawo ya ce kawo kuɗin igiya, ka ce a ba ka mai tsada. Haka ka yi a MMM, Disambar 2016. Riba kashi 30 a wata.

Alhaji: Kada ka taɓa Mavrodi, mai MMM. Mutumin kirki ne, ajali ne ya yi masa gaggawa a 2018. Da yana raye da ya biya ni.

Bazazzagi: Shekara fiye da ɗaya ya yi a raye bayan an rufe.

Alhaji: Yana haɗa kuɗin ne.

Wayar ta yi ƙara. Alhaji ya duba, ya miƙe tsaye har hularsa ta karkace.

Alhaji: Allahu Akbar! Mahassada ku mutu! Ga saƙo daga hedikwata. An zaɓe ni cikin mutum ɗari na farko a Afirka. In tura kalmomin sirrina 24 kawai su buɗe min walat, asusun Pi ɗina. Malam, riƙe min kofin nan, takardar na cikin hula.

Bazazzagi: Alhaji, kalmomin nan su ne makullin. Duk wanda ka ba shi, ya kwashe, kuma babu bankin da za ka je ka yi wa manaja ihu. Wace lamba ce ta turo?

Alhaji: Ta Amurka.

Bazazzagi: Karanto.

Alhaji: Sifili, takwas, sifili...

Bazazzagi: Wannan Amurkar ko Kwanar Dangora ba ta wuce ba.

Alhaji: Suna da reshe! Kai dai tun kakanninku ba ku son ganin Bakano ya yi arziki.

Mai Shayi: Alhaji, tunda arziki ya zo, littafi fa?

Alhaji: Kawo. Yau zan rufe bakinka. Na ba ka Pi ɗaya. In an sa dala a 1,500, miliyan 471 ke nan da 'yan kai. Cire 18,400 ɗinka da ƙwan yau, ka ba ni canji.

Mai Shayi: Ba ni da canji.

Alhaji: Ka ji ko, Malam? Ka zama shaida, na biya, shi ne ba shi da canji.

Mai Shayi: To turo Pi ɗin in gani.

Alhaji: KYC ɗina, wato tantance ni da za su yi, bai wuce ba tukuna, shekara biyu yana layi. Amma ciniki ya faɗa. Juya shafi ka rubuta, Alhaji yana bin mai shayi miliyan 471. Ba zan matsa maka ba, ni ba irinka ba ne, a shayi zan riƙa cirewa. Ƙara min madara.

Ladan ya matso da bencinsa, ya rage murya.

Ladan: Alhaji, wannan ta mutum ɗarin farko, an cika ne?