Gubar da ake son mayarwa maganin ciwon jijiya

Kawuna a ƙauyenmu can ƙasar Ringim ya daɗe yana fama da siga, amma ƙafafun ne ke hana shi barci. Dare na yi sai ya ce kamar an zuba masa garwashi a tafin ƙafa, ya tsoma su a bokitin ruwan randa har kiran assalatu. Yaron kemis ya ba shi taramol, kwana biyu ya samu lafiya, daga nan fa sai ka tarar da dattijo gindin darbejiya yana gyangyaɗi, ana masa magana yana amsa wata daban. Matarsa ta ce "Malam, wallahi gara ciwon da wannan." To ita ba ƙafarta ba ce.

Matsalar ƙwayoyinmu masu ƙarfi kenan, ciwo na ƙafa su kuma sai sun bi ta kai. Mun ga abin da kodin ya yi wa yaran Kano da Jigawa har gwamnati ta hana shi a 2018. Shi ya sa ni ina bayan masu binciken nan da ke son ɗauko gubar ƙwayoyin cuta su gyara ta, ta je kan jijiyar da ke kai saƙon ciwo kaɗai ta rufe mata baki.

Ba yau aka fara ba. Botox ɗin nan da masu kuɗi ke yi don goge tamojin goshi, gubar botulinum ce, wadda ke cikin abincin gwangwani da ya lalace ta shanye wa mutum jiki har numfashi ya tsaya. Aikinta ta shiga bakin jijiya ta datse wani furotin, SNAP-25, saƙo ya kasa fita. Amurka ta amince da ita don ciwon ido tun 1989, a 2010 kuma don ciwon ɓarin kai mai naci. A 2018 masana a Landan da Shefild suka kwance ta suka ɗaura mata wani sinadari na fatar kwaɗon Kudancin Amurka a matsayin ɗan jagora, don ta bar jijiyar motsi ta nufi ta ciwo, allura ɗaya a laka ɓeraye suka yi makonni da sauƙi kuma suna yawonsu ƙalau. A 2021 ɗakin binciken Isaac Chiu a jami'ar Harvard ta Amurka ya gano gubar cutar saifa, e saifar nan dai da ke kashe shanu wadda ta ɓulla a Suleja a 2023, tana da ƙofar shiga a jijiyoyin ciwo, sai suka mayar da ita abin hawa suka ɗora mata botulinum.

Da na faɗa wa Kawu sai ya ce "Saifa kuma ɗan nan? Allah Ya kiyaye." Ni kalmar guba ba ta dame ni ba, ai ba ƙwayar cutar za a sa wa mutum ba, guntun furotin ne da aka yi wa linzami.

Abin da ya dame ni daban ne. Har yanzu ɓeraye ne, kuma tsakanin ɓera da Kawu akwai tafiya. Sannan ciwo mai gadi ne, mai siga dama ƙafarsa ta fara mutuwa, ka ƙara kashe masa ji na makonni ya shiga gona ya taka ƙaya ko kututture ya soke shi bai sani ba sai gyambo ya ci, kuma wannan ba ƙwaya ba ce da za ka ce na daina sha gobe, in ta shiga sai ta gama wa'adinta. Uwa uba allurar laka ce, tana son firij da hannun ƙwararre, mu kuwa ƙaramin asibitinmu ko awon siga sai an aika mutum gari.

Kuma na san halin kasuwa, sunan nan na yin tashe za ka ji mai lasifika ranar Alhamis a Maigatari yana tallan "allurar jijiya ta Turai" a kwalbar da ba lambar NAFDAC. Gara hukumar ta fara shirin wannan tun yanzu, kafin maganin gaskiyar ma ya fito daga ɗakin gwaji.