Binciken Juriyar Matasa: Wa Ake Tambaya, Kuma da Wane Harshe?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan adadi ya isa dalilin zuba ƙarfi wajen bincike, amma abin da ya fi damuna shi ne su wane ne ake tambaya. Nazarin da Jeffrey Arnett ya yi a 2008 kan manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka bincika daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba.

Takardar tambayoyin da aka tsara wa ɗalibin jami'a a Amurka ba lallai ta gano ciwon yarinyar da ke sansanin 'yan gudun hijira ba. A Zimbabwe, masu jin Shona suna kiran damuwarsu kufungisisa, wato yawan tunani, kuma daga irin wannan kalma likita Dixon Chibanda ya soma aikin da tsofaffin mata ke zama a kan benci suna sauraron masu damuwa. Da an tsaya kan sunan cutar da ke cikin littafin likita, da mutane da yawa sun ce lafiyarsu ƙalau.

Ita kanta juriya, ina ganin an cika ɗaukarta a matsayin taurin zuciyar da aka haifi yaro da shi. Masaniyar halayyar ɗan Adam Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka a 1955 har suka manyanta, ta ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida sun zama mutane masu natsuwa, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a labarinsu shi ne wani babba da ya tsaya musu, kaka ko malami ko maƙwabci. Saboda haka binciken da ya auna ƙarfin halin matashi, ya manta da tambayar wa ke riƙe da shi, ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba, ya kuma ba hukumomi damar yaba haƙurinsa ba tare da sun gina masa makaranta ko asibiti ba.

Abin da nake so masu bincike su yi shi ne su zauna da matasan tun kafin a rubuta tambaya ta farko, da nakasassu da marayu da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, su kuma koma musu da sakamakon a harshen da suke ji.